Yadda ake ɗaukar hoton tsuntsaye da farin wata a ƙasar Binuwai da Logon

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya ya ɗauki wata daren sha huɗu ya san abin da ke fitowa: wani farin ɗigo a tsakiyar duhu, kamar ƙwan fitila a ƙarshen unguwa. Wanda ya bi tsanwaka ko cilakowa kuma sai ya dawo da hoton reshe babu kowa a kai. Akan ɗora wa waya laifi, kuma tana da nata kason, amma yawancin ɓarnar daga lokaci take da wurin tsayawa. A nan mutumin Garwa ko Marwa ko Injamena yana da abin da baƙo ba shi da shi: ya san kwanan wata saboda azumi da salla, ya san lokacin da shamuwa ke sauka, ya san watan da hazo ke rufe gari. Wannan sanin shi ne jadawalin mai hoto, sauran kuma saiti ne da haƙuri.

Lokutan shekara

Babu lokacin da ya kai Oktoba da Nuwamba. Ruwa ya wanke sama, ciyawa ba ta gama bushewa ba, tafkuna a cike suke da bado, tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sun fara isowa, kuma za su zauna har wajen Maris ko Afrilu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu kan ɗauko ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ya shimfiɗa mana. Ranar da hazo ya yi kauri, duk abin da ya wuce mita ɗari fari-fari zai fito, wata kuma ba ya bayyana sai ya yi sama sosai. Ranar da ya yi sauƙi kuwa alheri ne, domin yana tausasa rana, yana mai da wata ja kamar garwashi.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, tana da wuya ga mutum amma tana tara tsuntsaye wuri ɗaya, tunda ruwa ya rage a 'yan wurare. Matsalarta zafin da ke tashi daga ƙasa: da hantsi ya ɗaga iska kan riƙa rawa, duk abin da ka zuƙo daga nesa sai ya fito dishi-dishi ko da kyamarar ta fi kowace tsada. Maganinsa ɗaya ne, ka gama aikinka kafin ƙarfe tara. Da damina kuma shamuwa tana kan sheƙa a itatuwan ƙauye, marai yana saƙa, gajimare yana ba hoto kyau, sai dai wata yakan ɓuya.

Abin da za ka riƙe

Waya ta isa ga shimfiɗar ƙasa, garken shanu da balbela, da manyan tsuntsayen da suka saba da mutane. Duba ko tana da sashen da aka rubuta Pro a cikin kyamararta. Yawancin Tecno, Infinix da Samsung na 'yan shekarun nan suna da shi, kuma nan ne ake juya ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) da saurin ƙiftawa (tsawon lokacin da idonta ke buɗewa) da hannu. Kada ka yawaita zuƙowa da yatsu. In wayar ba ta da gilashin nesa na musamman, abin da take yi shi ne yanke tsakiyar hoton ta kumbura shi, ba wani sabon bayani da zai shigo.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 10x50 ya fi sabuwar waya amfani ga wanda yake son tsuntsaye, domin da shi ake koyon halinsu. Ana kuma iya ɗora idon waya a bakin ɗaya daga cikin idanunsa a ɗauki hoto, za mu zo kan wannan a wajen wata. Mai halin sayen kyamara ya nemi ɗaya daga biyu: irin mai gilashi manne da ke zuƙowa da nisa, kamar Nikon P900 ko Canon SX70, ko kuma tsohuwar kyamara mai cire gilashi da gilashin 70-300mm. Ta farko ta fi kawo nesa kusa, ta biyu ta fi saurin kama abin da ke tashi, ta kuma fi jure ƙarancin haske.

In babu mai ƙafa uku, ɗinka 'yar jaka ta yadi mai kauri ka zuba mata dawa ko wake kamar kilo 2, kada ka cika ta tam. A kan katanga, sirdin babur ko tagar mota, tana riƙe kyamara fiye da mai ƙafa uku mai araha da iska ke kaɗawa.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Kada ka cire gilashi a fili lokacin hunturu. Yi a ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Kada ka goge gilashi da gefen riga, domin ƙurar nan yashi ce, tana kartar shi. Fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. A kan babur, sa kyamara a leda ka ɗaure kafin ka sa a jaka.

Fara daga tsakar gida

Hanya mafi sauƙi ta samun hoton tsuntsu mai kyau ita ce ka sa shi ya zo da kansa, kuma da rani ruwa ya fi hatsi jan tsuntsu. Samu kasko mai faɗi, ka binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a gefen inuwar darbejiya ko wata bishiya da tsuntsu zai iya gudu ya shige. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 3. Sa dutse ɗaya a ciki wanda kansa ya fito, don ƙanana su sami wurin tsayawa. Sannan ka kafa busasshen reshe mai kyan gani kamar taku ɗaya daga kaskon, tsayinsa ya kai gwiwa ko ƙugu. Tsuntsu ba ya faɗawa ruwa kai tsaye, sai ya sauka a wani abu ya duba hagu da dama. Wannan reshen shi ne wurin hotonka, can za ka saita kyamara tun kafin kowa ya zo.

Abu biyu ne ke raba hoto mai kyau da na banza a nan. Na farko, rana ta kasance a bayanka: in da safe za ka riƙa zama, zauna gabas da kaskon. Na biyu, abin da ke bayan reshen ya yi nisa da shi, mita 5 ko fiye, kuma ya zama mai launi ɗaya, kamar katangar ƙasa ko ganye a inuwa. In bayan yana kusa, bokiti da igiyar shanya duk za su fito tare da tsuntsun. In yana nesa, sai ya narke ya bar tsuntsun shi kaɗai.

Ka kafa zana ko tsohuwar tabarma mita 4 zuwa 6 daga reshen, ka huda mata taga daidai gilashi, ka bar ta a wurin dare da rana don su saba da ita. Canza ruwan kullum, saboda sauro da kuma lafiyar tsuntsayen. Kwanakin farko ba lallai ka ga kowa ba. Kurciya da gwara ne ke fara zuwa, ganinsu ne ke kwantar wa sauran hankali, daga nan shaya mai sheƙi, marai, da ƙananan jajaye da shuɗɗa masu cin tsaba. Ɗan tsaki ko gero a gefe yana ƙara jama'a. In akwai kyanwa a gidan, ɗaga kaskon a kan turmi ko tsohuwar ganga, nesa da inda za ta laɓe. Bai dace ka tara tsuntsaye don hoto ka miƙa mata su ba.

Itacen ɓaure, ceɗiya ko durumi da ya nuna shi ma kasko ne da Allah ya ajiye. Zauna ƙarƙashinsa da sassafe ka ga abin da zai zo: tsirya, cilakowa, har da waɗanda ba ka taɓa sanin suna unguwar ba. Haka gurjiya in ta yi jajayen furanninta da rani.

Bakin ruwa

Manyan tsuntsaye suna wajen ruwa. Mutumin Garwa yana da tsibiran yashi na Binuwai da tafkin Lagdo da aka kammala madatsarsa a 1982. Na Marwa da Yagwa suna da tafkin Maga, wanda aka tare a 1979, da gonakin shinkafar da ke kewaye da shi da fadamun Logon. Na Kusseri da Injamena suna da Shari da Logon a ƙofar gida. A irin waɗannan wurare ake ganin zalɓe, kirinjijiya, ɗinya, kwasakwasa, borin tunke, da gauraka mai tukkun zinariya. A gaɓar kogi mai tsayi, duba ramuka jere a jikin ƙasa: gidajen jajayen tsuntsayen nan ne masu cin ƙudan zuma, waɗanda kan taru a kan gobarar daji suna cafke fara. Gandun Waza, da ya zama gandun ƙasa a 1968, an lissafa masa tsuntsaye sama da iri 350, har da jimina. Zakuma a Chadi kuma ya yi suna da garken gauraka da gajimaren jan baki a ƙarshen rani. Amma kafin ka nufi Waza ko gefen Tafkin Chadi, tambayi halin tsaro a wajen hukuma, kuma kada ka shiga gandu babu ɗan rakiya.

Ka isa wurin kafin rana ta fito. Sa'a biyu na farko da sa'a ɗaya ta ƙarshen yini su ne na aiki. Bar farar jallabiya a gida, sa tufa mai launin ƙasa ko toka. Kada ka miƙe wa tsuntsu kai tsaye kana kallonsa, haka maharbi yake yi, kuma ya san maharbi. Bi ta gefe kamar mai wucewa, taku biyar ka tsaya, ka ɗauki hoto, ka ƙara biyar. In ya daina kiwo ya miƙe wuya, ka kai iyakarsa, tsaya cik har ya koma cin abinci. In ya tsuguna ya yi kashi, tashi zai yi, ka shirya. Tsuntsu kan tashi yana fuskantar iska, don haka in iska tana bayanka, wajenka zai fuskanto.

Zama ya fi bi. Zaɓi wuri, ka zauna ƙasa, ka ba shi minti 20, za ka ga waɗanda suka gudu suna dawowa. Zaman ƙasan yana da wata fa'ida: hoton da aka ɗauka daidai idon tsuntsu ya fi wanda aka ɗauka daga tsaye nesa ba kusa ba. Tsuntsayen ruwa sun saba da kwalekwalen masunta da makiyaya, sukan bar su su matso fiye da mai tafiya shi kaɗai, saboda haka shiri da masunci yana da amfani. Sai dai dorina tana Binuwai da Lagdo da Maga da Shari, kada ka matsa wa mai jirgi ya kusance ta, kuma kada ka tsaya tsakaninta da ruwa. Kada ka shiga ruwan kwance saboda tsargiya. Sa takalmi rufaffe, domin kububuwa tana da yawa a kwarin Binuwai, kuma da magariba take fitowa.

Saitin kyamara ga tsuntsu ba shi da yawa. Juya zuwa S, ko Tv a Canon, ka zaɓi saurin ƙiftawa: 1/500 na daƙiƙa ga wanda ke zaune, 1/1000 ga mai tafiya ko wanka, 1/2000 ga mai tashi. Bar ISO ya zaɓi kansa, ka yi masa iyaka a 1600, ko 3200 in kyamarar babba ce. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi, wanda ya girgiza ba ya gyaruwa. Zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya ka ɗora shi a idon tsuntsun. In ka bar wa kyamara zaɓi, ganyen da ya fi kusa za ta kama. Ga mai tashi, kunna saiti mai bin motsi, AF-C ko AI Servo, da ɗauka a jere.

Akwai kuskure biyu da kyamara ke yi kullum. Farin tsuntsu kamar balbela a gaban duhun ganye yakan ƙone ya zama fari fat babu gashi. Rage haske zuwa -1. Shirwa ko shamuwa a sararin sama kuma sukan fito baƙi ƙirin, don kyamara ta auna hasken sama ne; ƙara zuwa +1 ko fiye. A waya, taɓa tsuntsun a fuskar wayar, ka ja 'yar alamar rana sama ko ƙasa.

Sheƙa kuwa a bar ta. Uwa in ta tashi daga kan ƙwai da zafin bazara, mintuna kaɗan sun isa su lalace, hankaka kuma yana kallo. Shamuwa da ke cikin gari ta saba da mutane, ana ɗaukarta daga ƙasa ba tare da an hau itacen ba.

Wata

Dalilin farin ɗigon nan shi ne kyamara tana ganin duhu ya cika fili sai ta buɗe ido sosai, alhali wata dutse ne da rana ke haskawa, haskensa na tsakar rana ne. Don haka saitin rana ake yi masa. A kyamara, juya zuwa M: ISO 100, ƙofar haske f/11 da ƙiftawa 1/125, ko f/8 da 1/250. Ɗauki ɗaya ka duba. In baƙaƙen tabon da ke fuskarsa ba su fito ba, ƙara sauri. Lokacin da yake ƙasa-ƙasa ko cikin hazo haskensa kan ragu ƙwarai, sai ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. Ɗora kyamara a kan jakar dawa, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don taɓawar yatsa kada ta girgiza ta. A waya, shiga Pro, ISO mafi ƙanƙanta, ƙiftawa 1/250 zuwa 1/500, saitin nisa ka ja shi ƙarshe wajen alamar dutse, ka kashe filasha da yanayin dare.

Girmansa ma yana ruɗin mutane. Faɗin wata a sama rabin digiri ne kawai, ƙaramin yatsa a miƙaƙƙen hannu yana rufe shi. A babban idon waya bai wuce ɗigo 30 ba cikin ɗigo 4000 na faɗin hoto. Ko da gilashin 300mm, kusan kashi ɗaya cikin shida na tsayin hoton yake ci. Nan madubin hangen nesa ke shigowa: kafa shi a kan katanga ka danne da jakar dawa, saita shi da idonka har wata ya fito tas, sannan ka kawo idon waya daidai tsakiyar idonsa, ka matsa gaba da baya har baƙin zoben gefe ya ragu, ka rage haske, ka ɗauka da yawa. Yi sauri, domin wata yana gusawa da faɗin kansa duk minti 2. Wasu wayoyin kan gane wata su ƙara masa zane da kansu. In kana son abin da idon wayar ya gani da gaske, kashe mai gyaran hoto na atomatik.

Hoton wata shi kaɗai a baƙin sama, ko ya fito, iri ɗaya ne da na kowa. Wanda ake tsayawa a kalla shi ne wata yana fitowa bayan giginya, kuka, hasumiyar masallaci ko dutsen Mindif. Wannan yana bukatar lissafi kaɗan. Cikakken wata yana fitowa a gabas daidai faɗuwar rana, kullum kuma yana jinkiri da kusan minti 50. Daren da ya cika sarai, kafin ya hau sama, ƙasa ta yi duhu, ga shi a nan kusa da tsakiyar duniya duhu ba ya jira, minti 20 zuwa 25 an gama. Saboda haka yammacin da ya fi shi ne wanda wata ke fitowa rana ba ta gama faɗuwa ba, yawanci yammacin ranar 13 ga wata, wato shiga daren 14. A lokacin hasken ƙasa da na wata sun yi kusan daidai, saiti ɗaya ya ishe su. Tunda ganin jinjirin wata kan bambanta da kwana, fita tun yammacin 12 ka ga inda yake da ƙarfe nawa, ko ka duba manhaja irin Stellarium ko PhotoPills. Kada ka ɗauka gabas ɗaya ce duk shekara: cikakken wata na Disamba da Janairu arewa maso gabas yake fitowa, na Yuni da Yuli kudu maso gabas.

Sirrin babban wata nisa ne. Kada ka matsa kusa da itacen, ja da baya ka zuƙo. Raba nisanka da itacen gida 110, abin da ya fito shi ne faɗin da wata zai yi a jikinsa. Daga mita 500 wata zai kai kamar mita 4 da rabi, ya cika kan giginya. Daga kilomita 1 zai kai mita 9, ya kusa rungume kuka. Daga mita 50 kuwa bai kai rabin mita ba. Don haka nemi fili buɗaɗɗe, irin gonakin masakwa bayan girbi ko gaɓar kogi, ka tsaya yamma da abin da kake so. In wata ya ɓullo gefe, kai ne za ka gusa: in yana dama da itacen, matsa hagu har su haɗu; in yana hagu, matsa dama.

Wannan lokacin yana gab da kiran magariba, shi ya sa da yawa suka fi son na asuba. Safiyar 14 da 15 ga wata, bayan an fito salla, wata yana yamma yana shirin faɗuwa, gari yana wayewa. Iska ta kwanta, ƙurar babura da hayaƙin girki sun lafa, tsuntsayen ruwa kuma suna tashi daga makwanci. Tsaya gabas da itacenka wannan karon. In kana son balbela ko gauraka su gitta ta gaban wata, tsaya inda layin tashinsu ya ratsa shi, ka sa 1/1000, ka ɗauka a jere.

Mai son ramuka da duwatsun da ke jikin wata kada ya jira sha huɗu, domin a daren rana tana dukansa gaba da gaba, babu inuwa. Daren 7 zuwa 10 ne suke fitowa, a kan iyakar haske da duhu. Daren 2 da 3 kuma jinjirin wata yana da nasa kyau, musamman in Zara tana kusa da shi: ISO 400, ƙiftawa daƙiƙa 1, kyamara a kafe, sai ka ga har duhun jikinsa ya fito da hasken da duniya ke mayar masa. Ranar da wata ya yi zazzaɓi, kamar husufin 27 ga Yuli 2018 da ya ɗauki minti 103 a rufe, saitin rana ba ya aiki. Sai ISO 800 zuwa 1600 da rabin daƙiƙa ko ɗaya. Kallon husufin wata ba ya cutar da ido, saɓanin na rana.

Izini, da abin da ya rage bayan an dawo

Dogon gilashi yana jan ido. In ka shiga ƙauyen da ba naka ba, fara gaida jauro, lawan ko bulama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna musu hotunan tsuntsaye a kyamarar. Sau da yawa su ne za su gaya maka tafkin da gauraka ke kwana. Kada ka juya kyamara wajen mata masu wanki ko wanka a bakin kogi. Gada, madatsar ruwa, filin jirgi, barikin soja da shingen jandarma, a Kamaru da Chadi duka, wurare ne da hoto ke jawo tsarewa da ƙwace kaya. Wata bayan gadar Binuwai ko ta Ngeli yana da ban sha'awa, amma a haƙura da shi sai da takardar izini.

A gida, zaɓi kaɗan ka share sauran. Gyara da Snapseed ko Lightroom ya tsaya a yanke gefe, rage wurin da ya yi haske da yawa, da ɗan ƙara kaifi. In ka cika launi, tsanwaka za ta koma kamar ta roba. Rubuta wuri da kwanan wata na Musulunci da na Bature a kan kowane hoto, domin baɗi wannan rubutun ne zai gaya maka ranar da za ka koma. Tsuntsun da ba ka sani ba, manhajar Merlin tana taimakawa da sunansa na Turanci ko Faransanci, sunan Hausa da na Fulatanci kuma a bakin tsofaffin masunta da makiyaya yake. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, gashin tsuntsun da tabon watan su ɓace.